Esperanto: Ɗafa-ƙeyar da ya raba kan masu harshen da likita ya ƙirƙira

A shekarar 1887 wani likitan ido mai suna Ludwik Zamenhof ya wallafa ɗan littafi a birnin Warsaw, inda ya gabatar da sabon harshe, Esperanto. Ya tashi ne a Bialystok, garin da Yahudawa da Rashawa da Jamusawa da ’yan Poland ke zaman doya da manja, don haka ya yi burin samar da harshen da kowa zai koya cikin sauƙi.

Matsalarsa ita ce yawan kalmomin da mai koyo zai haddace. Sai ya tsaya kan saiwoyin kalmomi kusan 900, ya bar sauran aikin ga ɗafi.

Yadda abin yake

Ɗafa-ƙeyar -ej- na nuna wuri: lerni koyo ne, lernejo makaranta. Shi kuwa -il- na nuna kayan aiki: tranĉi yanka, tranĉilo wuƙa. Ga -ar- na tarin abu: arbo bishiya, arbaro daji.

Ana iya jera su. Malsanulejo, wato asibiti, haɗin mal (kishiya) ne da san (lafiya) da ul (mutum) da ej (wuri): wurin marasa lafiya.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, domin daga karanta ya samu makaranta, daga buɗe ya samu mabuɗi.

Inda gizo ke saƙar

Ɗafa-ƙeyar -in- ne ya jawo ce-ce-ku-ce. Patro uba ne, uwa kuwa patrino. Frato ɗan’uwa, fratino ’yar’uwa. Masu suka na cewa wannan ya mai da namiji tushe, mace kuma reshe.

Gyara bai zo da sauƙi ba, domin a taron Boulogne-sur-Mer na Faransa a 1905 an amince da littafin ƙa’idojin harshen a matsayin wanda ba za a taɓa ba. A 1907 wasu masu neman sauye-sauye suka ɓalle suka fito da harshen Ido, wanda daga baya ya ba namiji -ul-, mace -in-.

A cikin Esperanto kuwa, wasu sun ɓullo da -iĉ- domin namiji, amma bai shiga ƙa’ida ba. Masu adawa na tsoron cewa in kowa ya kawo nasa gyaran, harshen da aka gina don haɗa kai zai tsage gida-gida.