Adana Ma'aunin Gida a Saitin Manhaja: Misali Daga Beli

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda manhaja ke adana abin da mai amfani da ita ya zaɓa, musamman idan abin ba ya cikin nau'o'in bayanan da maginan na'ura suka tanada. Mun ɗauki misalinmu daga Beli, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo a yammacin Jihar Kano, inda manomi ke awon hatsi da mudu da tiya da buhu, yake kuma lissafin wa'adi da watan Musulunci. Tambayarmu ita ce: ta yaya za a sa na'ura ta riƙe waɗannan ma'aunai ba tare da ta gurɓata su ba?

2.0 Saiti da Iyakarsa

Abin da muke nufi da saiti shi ne ɗan ma'ajin da manhaja ke zuba zaɓin mai ita, domin ta tuna da shi bayan an kashe na'ura. Kowane zaɓi yana da suna da ƙima, tamkar ƙullin magani da aka rubuta sunansa a bayansa. Sai dai ma'ajin ba ya karɓar kowane irin kaya. Alal misali, SharedPreferences na wayoyin Android iri shida kawai ya sani: i ko a'a, cikakkiyar lamba ƙarama, cikakkiyar lamba babba, lamba mai ɗigo, rubutu, da tarin rubutu. Tiya kuwa ba ta cikinsu, domin ita haɗaka ce ta abu huɗu: sunanta, da wurin da ake awo da ita, da nauyinta, da ranar da aka tabbatar da nauyin. Irin wannan haɗaka muke kira ƙirƙirarren nau'in bayani.

3.0 Warwarewa da Ɗinkewa

Hanyar da aka saba bi ita ce a warware haɗakar ta koma jeren rubutu, a adana, sa'an nan a sake ɗinke ta a lokacin buƙata. Tsare-tsare biyu suka fi shahara: XML, wanda ƙungiyar W3C ta tabbatar a 1998, da JSON, wanda Douglas Crockford ya yayata, aka kuma daidaita shi a 2013. A tsarin .NET na Microsoft, manhaja kan nemi hanyar mayar da nau'in zuwa rubutu ko XML, ta ajiye a fayil mai suna user.config. Google kuma ya gabatar da DataStore a 2020, wanda ke iya riƙe haɗaka sukutum bisa fasalin da aka shata mata.

Bari mu ƙaddara wata ƙungiyar manoma a Beli tana rubuta bashin hatsi a waya, ta kuma yarda tiyarta giram 2,500 ce. Ga yadda za a warware ta:

{"tsari":1, "suna":"tiya", "wuri":"Beli", "giram":2500, "rana":"2024-11-03"}

4.0 Wurare Huɗu da Ake Tuntuɓe

4.1 Baƙaƙe masu lanƙwasa. Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 gare shi, babu ɓ ko ɗ ko ƙ a ciki. Unicode ya ba su lambobi: U+0253 da U+0257 da U+0199. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙago a 1992, kowannensu bayit biyu yake ci. Idan aka adana da UTF-8 aka karanta da tsohon tsarin Windows-1252, sai kowane bayit ya fito a matsayin baƙi mai zaman kansa, kalmar ƙauye ta koma Æ™auye. To, in sunan zaɓi ya lalace haka, manhaja ba za ta gane shi ba, sai ta ɗauka babu shi.

4.2 Kuɗi. Lamba mai ɗigo, bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, da gidan biyu ake ajiye ta, shi ya sa 0.1 da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Ɓarakar ƙanƙanuwa ce, amma takan taru. Tun da naira, wadda aka fara kashewa a 1973, kwabo 100 ce, maganin shi ne a adana kuɗi da kwabo, nauyi da giram, duka a cikakkiyar lamba.

4.3 Kwanan wata. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355. A Nijeriya Sarkin Musulmi ke sanar da tsayuwar wata bisa gani, alhali na'ura da lissafi take aiki, saboda haka akan sami saɓanin kwana. Abin da ya fi shi ne a adana ranar Miladiyya bisa ƙa'idar ISO 8601, watau shekara, wata, rana, a kuma keɓe gurbi na ƙari ko ragin kwana. Kalandar Hijira ta .NET ta yarda da gyaran da bai wuce kwana biyu gaba ko baya ba.

4.4 Sauyin tsari. Wannan shi ne mafi haɗari. A ce maginin manhaja ya sabunta ta, ya sauya sunan gurbin "giram". Sabuwar ba ta tarar da abin da take nema ba, sai ta koma kan ƙimar asali, a ce giram 2,000, ba tare da ta tanka ba. Tiya 40, da can kilo 100, yanzu sun zama kilo 80. Manomin da ya biya bashinsa cif sai a bi shi kilo 20 a kowane buhu, a kuma tuhumi ma'aji da ha'incin da bai yi ba. Amfanin lambar "tsari" ke nan: manhaja ta duba ta tukuna, in tsohuwa ce ta juya bayanin zuwa sabon fasali, in kuwa ta kasa, ta tsaya ta tambayi mai ita.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ba da shawara uku. Na farko, kowane ƙirƙirarren nau'i ya ɗauki lambar tsarinsa. Na biyu, saiti ya tsaya a kan zaɓi. Littafin bashi kuwa ya tafi rumbun bayanai, kowane awo a rubuta shi tare da nauyin da aka yi amfani da shi a ranar, don kada gyaran gobe ya taɓa lissafin jiya. Na uku, malaman kwamfuta a kwalejojin ilimi su riƙa sa ɗalibai gwajin zuwa da dawowa: a adana kalma mai ɓ da ɗ da ƙ, a kashe manhaja, a sabunta ta, a duba ko abin da ya fito shi ne abin da ya shiga. Mudun da aka yarda da shi a kasuwa amana ce, kuma amanar ba ta sauka don an mayar da ita cikin waya.