Sare Itace Kusa da Ɗaki

In babban itace yana kusa da ɗaki, ba a kā da shi gaba ɗaya. Daga sama a kan rage shi, gunduwa gunduwa.

Kafin ka hau, ƙwanƙwasa gindinsa da gatari. In ya yi amo kamar ganga, akwai kogo. Kada ka hau.

Nemi igiya biyu, ɗaya taka, ɗaya ta gungume. Wadda ta fara ruɓewa, bar ta ga ɗaurin akuya.

Ɗaura taka a ƙugu, ka zagaya itacen da ita ƙasa da inda za ka sara. Ɗayar kuwa, ɗaure gungumen da ita tam, ka ratayo ta bisa reshe mai ƙarfi har ƙasa. Abokinka ya naɗa ta sau uku a gindin wani itace, ya riƙa saki kaɗan kaɗan. Kada ya naɗa a hannu, gama fizgar gungume ta kan karya yatsu.

Sari gajere. Ɗanyen itace nauyi gare shi, in ya faɗo ya fizgi igiya nauyin ya kan ƙaru ƙwarai. Kafin gungumen ya rabu, yi kira, a kori yara daga ƙarƙashi.