"Taimakon" da Ake Yi wa Yaranmu a Ɗakin Jarrabawa

Kafin watan Mayu ya tsaya, lokacin da manomi a Ruwan Godiya ke sharar gona yana jiran ruwan shuka, akwai maganar da ake kai wa iyayen 'yan ajin ƙarshe na sakandare a kunne. Wani zai zo ya ce ya san wata makaranta a birni inda ba a faɗuwa, in an mayar da rajistar yaro can, Turanci da Lissafi sun zama nasa. Kuɗin ya ninka na ko'ina, kuma ba a ba da rasit. Wani lokaci a ce na ruwan masu sa ido ne, wani lokaci a ce na haɗin kai. Uban da ya ɗaga buhun masara ya kai kasuwa don ya biya ya san abin da ya saya, ko da bai furta ba. Ranar jarrabawa za a kau da kai, ko a rubuta amsa a allo, ko a shigo da ita ta waya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mun daina kiran wannan abu satar amsa, taimako muke ce masa.

Na san hujjar da ake kawowa, kuma ban raina ta ba. A 2020 annobar korona ta rufe makarantu wata da watanni. Ana cikin farfaɗowa, daren 11 ga Disamba na wannan shekarar 'yan bindiga suka shiga Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji, sai bayan kwana shida aka sako 344. Makarantun kwana suka rufe. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, aka shafe watanni ba sabis. Malamai da yawa sun nemi canjin wurin aiki, iyalai sun yi gudun hijira zuwa Funtuwa da sauran garuruwa. Yaron da ya taso cikin wannan hali, sai a zaunar da shi ya amsa tambaya ɗaya da yaron Legas. Wane ne ba zai ji tausayinsa ba? To amma inda tausayin ke kai shi ne abin dubawa.

Hukumomin jarrabawa ba barci suke yi ba. A 2023 WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai 262,803 bisa zargin maguɗi, a 2024 ta riƙe na 215,267. Idan masu duba takardu suka ga aji guda sun yi amsa iri ɗaya, har kuskurensu iri ɗaya, ba sa tsayawa tantance wanda ya kwafa da wanda aka kwafa daga gare shi. Darasin gaba ɗaya ake sokewa, makarantar kuma ana iya janye mata izinin zama cibiyar jarrabawa. A birni wannan ƙaramar asara ce, mai makarantar zai sake suna ya buɗe wata. A ƙauye, ma'anarta ita ce ƙannen da ba su ji ba ba su gani ba za su riƙa hawa hanya zuwa wani gari don rubuta jarrabawa, a yankin da kowa ya san abin da hawa hanya ke nufi.

Doka ma tana nan, mutane ne ba su san ta ba. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tarar naira dubu ɗari ko ɗaurin da ya kai shekara uku, ko duka biyun, ga ɗalibin da bai kai shekara 18 ba. Shugaban makaranta ko malami ko mai sa ido da aka samu da hannu, shekara huɗu ce babu zaɓin tara. A 1984, zamanin mulkin soja na Buhari, ɗaurin shekara 21 aka sa. Cutar ta tsufa: kalmar "ekispo" da yara ke faɗa yau tun shekarun 1970 take yawo, kuma fitar takardun jarrabawa ta 1977 sai da gwamnatin tarayya ta kafa kotun bincike a kai. Tsananin hukunci bai kashe ta ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin akwai uba mai biya, za a samu malami mai karɓa.

Abin da ya canja yanzu shi ne na'ura. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, daga 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN. Ana ɗaukar zanen yatsa a ƙofa, kuma jerin tambayoyin da ke gabanka ba shi ne a gaban na kusa da kai ba, don haka leƙe ba ya biya. Masu sojan gona sun yi ta ƙirƙiro dabaru, har da haɗa zanen yatsun mutum biyu a rajista ɗaya, amma a 2025 kwamitin binciken hukumar ya bankaɗo irin wannan fiye da dubu huɗu. A 2023 wata ɗaliba a Anambra ta mayar da makinta daga 249 zuwa 362, aka yi ta yi mata kyaututtuka, daga baya asiri ya tonu, aka hana ta zama jarrabawar shekara uku. WAEC ta fara amfani da kwamfuta ga masu rubutawa daga waje a 2024, kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya bayyana a 2025 cewa can aka dosa da WAEC da NECO baki ɗaya. Yaron da aka saya wa kiredit tara zai zo ya zauna gaban kwamfuta a Funtuwa ko Katsina shi kaɗai, ba malami ba allo. Nan ake ganin mai sakamako kamar na farfesa ya kasa haɗa maki 120.

Wayar da ke aljihun yaro ta buɗe wata kasuwar. Da jarrabawa ta matso sai zaurukan WhatsApp da Telegram su cika da masu cewa suna da tambayoyin gobe, a turo dubu biyu ko katin waya. Da yawansu tsofaffin tambayoyi suke sake wa shekara, su karɓi kuɗi su toshe lambar yaro. Ranar da takardar gaske ta fita kuwa, kowa ne ke ɗanɗanawa: a 28 ga Mayun 2025, ƙoƙarin toshe fitar takardar Turanci ta WAEC ya sa ɗalibai a jihohi da dama suka rubuta ta da dare, da tocila da fitilar waya. Sannan ga ChatGPT da ire-irensa, waɗanda tun ƙarshen 2022 suke rubuta wa mutum aikin gida cikin minti ɗaya. Masu karatu daga nesa ta intanet, irin na NOUN ko na Jami'ar Ahmadu Bello, su ne jarrabar ta fi kusa da su, tunda ba idon kowa a kansu sai na Allah.

Maganin wannan na ƙarshen yana gidanmu tun kaka da kakanni. A makarantar allo, almajiri ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya. Ko wani ne ya rubuta masa, bakinsa ne zai yi shaida. Malamin boko da ya ba da aikin gida ya ware minti goma ya kira mutum uku ko huɗu, ba tare da sun san su wa za a kira ba, ya ce kowa ya rufe littafi ya faɗi abin da ya rubuta da yadda ya kai ga amsar. Sati biyu ya isa aji ya gane kwafa ba ta da riba. Tambayar ma a gina ta kan abin da yaro ya sani: lissafin taki nawa kadada biyu ta masara za ta ci, ko bayanin yadda farashin hatsi ke hawa daga kaka zuwa bazara. Gwaji ƙanana a kai a kai sun fi babba guda ɗaya a ƙarshen zango, domin yaron da ya san matsayinsa tun aji huɗu ba ya firgita a aji shida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin da ake tarawa don ruwan masu sa ido, da ƙungiyar iyaye da malamai ta tara shi tun farkon shekara, zai biya malamin Lissafi darasin yamma na watanni. Masu digiri da NCE da ke zaune a gari ba aiki za su iya ɗaukar 'yan ajin ƙarshe suna bitar tambayoyin shekarun baya. Kwamfuta biyu da farantin sola a ofishin shugaban makaranta sun isa yaro ya saba da linzami kafin ranar JAMB. Ranar jarrabawa kuma a karɓe wayoyi a ƙofa, na ɗalibai da na malamai, a ba da tazara tsakanin kujeru, kada malamin darasin ya kusanci ɗakin. Gwamnati tana da nata kason, na tura malamai da tsare hanya, kuma haƙƙinmu ne mu yi ta tuna mata.

Limamanmu sukan karanto mana labarin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, Manzon Allah (SAW) ya tsawata masa. Manomin da ba zai yarda a zuba masa tsakuwa a buhu a kasuwar Dandume ba, bai kamata ya biya a yi wa ɗansa irin wannan algus ba. Mai takardar nan ba wani gari za shi ba. Shi ne zai dawo ya koyar da jikokinka a firamare, ko ya riƙe sirinji a asibitin garin ranar da aka kawo matarka cikin dare. Malam, idan mai maganar kunne ya zo bana, ka tambaye shi rasit, sannan ka je makaranta da ƙafarka ka tambayi malamin ajin abin da ɗanka ya iya da abin da ya rage masa.