Asirin mai ba da taimako: amanar da namun dajin Abzin suka dogara a kanta

Duk wanda ya bar Agadas ya nufi arewa, ya bi ta Ifarwan ya gangara bakin rairayin Tenere, ya shiga ɗaya daga cikin manyan gandun namun daji na Afirka. Gwamnatin Nijar ta keɓe wannan fili na Ayar da Tenere a shekara ta 1988, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 77.000, kuma a 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan gado na duniya. Shekara guda bayan haka, a 1992, tawaye ya sa aka rubuta shi cikin wuraren da suke cikin haɗari. Barewa da ragon dutse sun ragu, jimina mai jan wuya ta ƙare daga kwaruruwan Abzin, warwaji kuwa, wanda Turawa suke kira adaks, ya ja da baya ƙwarai: binciken da aka yi a yankin Tarmit da Tin Tumma a 2016 bai gano ko da huɗu ba, uku kaɗai aka gani.

Aikin ceton abin da ya rage aiki ne mai cin kuɗi: mota, mai, albashin masu sintiri, abincin jiminun da ake kiwo a Kelle cikin jihar Damagaram domin a mayar da su daji wata rana. Tun zamanin furojen da ƙungiyoyin WWF da UICN suka tafiyar a Ifarwan cikin shekarun 1980, har zuwa ƙungiyar SaharaConservation da aka kafa a 2004, wani kaso na wannan kuɗi daga waje yake zuwa, har da aljihun mutanen da ba su taɓa ganin Tenere ba. To amma mai ba da taimako, ban da kuɗinsa, yakan miƙa sunansa, adireshinsa, lambar wayarsa da ta katin bankinsa. Abin tambaya a nan shi ne: ina waɗannan bayanai suke kwana, kuma wa yake da mabuɗin ɗakin?

Abin da ya faru a Ingila

Ba tambaya ce ta wasa ba, domin an ga abin da sakaci yake haifarwa. A watan Mayu na 2015 wata tsohuwa mai shekara 92 a birnin Biristol, Olive Cooke, ta rasu, sai jaridu suka bankaɗo irin tulin wasiƙun roƙo da suke zuwar mata daga ƙungiyoyin agaji, saboda sunanta ya yi ta yawo daga wannan hannu zuwa wancan. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta shiga bincike. A Disamba 2016 ta ci tarar ƙungiyar jin ƙan dabbobi RSPCA fam 25.000, kusan miliyan 20 na kuɗin sefa. A Afrilu 2017 ta ƙara da wasu ƙungiyoyi 11, cikinsu har da IFAW, fam 18.000, da reshen WWF na Ingila, fam 9.000. Laifuffukan da aka samu a tsakaninsu sun haɗa da auna dukiyar masu taimako a ɓoye don a san wanda za a matsa wa, da neman lambobin wayar da mutum bai bayar ba, da musayar sunaye ba da sanin masu su ba.

Tarar ba ta da yawa in aka gwada ta da abin da waɗannan ƙungiyoyi suke tarawa. Babbar hasara ita ce ta yarda. Wanda ya ji an sayar da sunansa sau ɗaya yakan ɗaure bakin jakarsa, kuma ba ƙungiyar ba ce take kwana da yunwa, dabbar da take can cikin rairayi ita take biya.

Yadda ake tsare amanar

Ƙungiyar da ta san abin da take yi tana bin matakai sanannu. Na farko, ba ta tambayar abin da ba ta bukata. In suna da adireshi sun isa a aika takardar shaidar karɓar kuɗi, babu dalilin tambayar sana'a ko yawan iyali. Na biyu, tana faɗa wa mutum tun farko abin da za ta yi da bayanansa, tana neman yardarsa kafin ta aika masa da wani roƙon, kuma ba ta sayarwa ko ba da aron jerin sunayen. Na uku, in an biya ta intanet, ana kulle saƙon da rubutun sirri tun daga waya ko kwamfutar mai biya, lambar katin kuma kan wuce kai tsaye zuwa banki ko kamfanin biyan kuɗi, ba ta zama cikin littafin ƙungiyar. Na huɗu, ma'aikata ƙalilan ne suke da izinin buɗe jerin, kowa da kalmarsa ta sirri. Na ƙarshe, mai taimako yana da ikon ganin abin da aka rubuta a kansa, ya gyara kuskure, ko ya ce a shafe sunansa.

Waɗannan matakai ba alfarma ba ce. Faransa ta yi dokarta tun 1978, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suna aiki da wata doka mai tsanani tun 25 ga Mayu 2018. Nijar ma ba a bar ta a baya ba: dokar 3 ga Mayu 2017 ta aza harsashi, aka sabunta ta da ta 16 ga Disamba 2022, kuma akwai babbar hukuma a Yamai, HAPDP, wadda aka ɗora wa alhakin sa ido. Dokar ta shafi kowa da yake tara bayanan mutane, ko banki ne ko kamfanin waya ko ƙaramar ƙungiyar unguwa.

A Agadas maganar ta fi nauyi

A Turai, sunan da ya fita wasiƙun roƙo yake jawowa. A nan abin ya wuce haka. A Janairu 2025 an sace wata ƴar ƙasar Ostiriya a cikin garin Agadas, a Afrilu 2025 kuma aka sace wata ƴar Suwis. A irin wannan yanayi, takarda mai ɗauke da sunayen masu hannu da shuni, da gidajensu, da ranar da za su zo ziyara, tamkar taswira ce ga mugu. Haka kuma ɗan kasuwar gari da ya ba da ƴan jikunansa a ɓoye, ko makiyayin da ya tsegunta wa ma'aikatan gandun daji inda mafarauta suka yi zango: in sunansa ya fita, shi kaɗai zai fuskanci masu bindiga. Ga shi kuwa sau da yawa jerin sunayen yana cikin wayar sakatare ne, ko a littafin da aka bari bisa tebur, ko ana tura shi ta WhatsApp daga wannan zuwa wancan.

Mutanen Abzin ba baƙin amana ba ne. Shekaru aru-aru suna danƙa wa madugu raƙumansu da hajarsu a kan hanyar gishirin Bilma, ba tare da ya tona wa kowa abin da wane ya ɗauko ba. Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya kamata ƙungiyoyinmu na kare muhalli su san wannan doka, su daidaita littattafansu da ita, su kulle su. Hukuma kuma ta fito daga Yamai ta zo jihohi ta yi bayani cikin Hausa da Buzanci. Shi kuwa mai niyyar taimako, kafin ya miƙa sunansa, yana da haƙƙin ya tambaya: wa zai gani, kuma har yaushe za a ajiye shi?