Wanne Za a Fara? Ilmin Fifita Ayyuka Wajen Ƙera Manhajar Rage Tarkacen Gida

Gabatarwa

Kusan kowane gida a ƙasar Hausa yana da wani lungu da ake jibge kayan da aka daina amfani da su. Idan mai karatu ya leƙa sito ko ƙarƙashin gado a wani gida na cikin garin Daura, ko Sandamu, ko Zango, da wuya ya rasa tsohuwar adaka, da rediyon da ya daina magana, da fasassun robobi, da matattun batura, da tufafin da yara suka girme wa. Wannan shirgi yana da illa ga lafiya. Ɓeraye suna samun mafaka a cikinsa, kuma wani nau'in ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganowa a garin Lasa na Jihar Barno ta yau a shekarar 1969. Gwangwani da tsohuwar taya suna tara ruwa da damina, sauron da ke yaɗa shawara kuwa a irin wannan ruwa yake ƙyanƙyasa. Da hunturu kuma tsummoki da kwalaye su ne abincin gobara.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, har ta kai ga wayoyin da ake shafawa sun yawaita, matasa suke tunanin ƙera manhajojin da za su magance matsalolin gida. Daura ma ta samu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a shekarar 2019. To, a ƙaddara wasu ɗalibai sun ƙudiri aniyar ƙera manhajar da za ta taimaki iyali su rage tarkace. Tambayar farko da za ta tare su ita ce: cikin ayyukan da manhajar za ta iya yi, wanne za a fara ginawa, wanne za a jinkirta, wanne kuma za a bari gaba ɗaya? Amsa wannan tambaya fanni ne mai zaman kansa a ilmin kwamfuta.

Dalilin Fifitawa

Lokaci da kuɗi da ma'aikata duk suna da iyaka, amma buri ba shi da ita. Wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya bayyana a littafinsa na shekarar 1975 cewa ƙara ma'aikata a kan aikin manhajar da ya makara yakan ƙara masa makara ne. Dalili kuwa shi ne sai an koya wa sababbin, kuma yawan mutane yana ƙara yawan shawarwarin da za a yi tsakaninsu. Ashe ke nan mafita ita ce rage ayyukan. Bahaushe ya riga ya ce taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma abin da ake kira ƙa'idar Pareto. Vilfredo Pareto masanin tattalin arziki ne ɗan Italiya, wanda ya lura a ƙarshen ƙarni na 19 cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na filayen ƙasarsu yana hannun kashi 20 cikin ɗari na jama'a. Daga baya masana harkar masana'antu suka ga irin wannan rashin daidaito a wurare da dama: ƙalilan daga cikin dalilai su ke haifar da mafi yawan sakamako. A manhaja ma haka abin yake, 'yan ayyuka kaɗan ne mutane ke taɓawa kullum. Aikin mai tsarawa shi ne ya gano su tun kafin ya fara rubutu.

Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Matakin farko shi ne bincike a cikin gidajen da za su yi amfani da manhajar. Irin waɗannan manhajoji na Turai da Amurka da Japan sukan ginu a kan ra'ayin cewa abin da mutum ya daɗe bai taɓa ba, to ya rabu da shi. Wannan ra'ayi zai yi ɓarna a Daura. Jeren kwanuka da kuloli da samiru da ke cikin kwabet ɗin matar aure na iya shekara ba a ci abinci a cikinsu ba, amma dukiyarta ce da iyayenta suka yi mata. Takan sayar da wasu idan buƙata ta taso, takan kuma ajiye wasu don auren 'yarta. Haka nan akwai kayan mamaci da ba a raba gadonsu ba, da kayan aro, da ajiyar ɗan'uwan da ya tafi ci-rani. Babu wanda yake da ikon fitar da waɗannan shi kaɗai.

Saboda haka, manhajar da ta dace da nan sai ta kasa kaya gida biyar: na ajiyewa, na sayarwa, na kyauta, na zubarwa, da kuma wanda yake da mai shi, wato sai an nemi izini. Bugu da ƙari, binciken zai nuna cewa tuni al'umma take da hanyoyinta. Dillaliya tana shiga gida-gida tana karɓar kaya ta sayar a ba ta la'ada. 'Yan gwangwan suna yawo da kura suna sayen ƙarfe da dalma a kan kilo. Kasuwar Mai'aduwa kuma tana ci kowace Lahadi. Manhaja mai hankali za ta sauƙaƙa wa waɗannan mutane aiki ne, domin da su jama'a suka saba kuma su suka amince wa.

Hanyoyi Biyu na Kasa Ayyuka

Hanya ta farko ita ce tsarin MoSCoW, wanda Dai Clegg ya ƙirƙiro a shekarar 1994 lokacin da yake aiki a kamfanin Oracle. Tsarin yana kasa ayyuka kashi huɗu: na dole, waɗanda idan babu su manhajar ba ta da amfani, na dacewa, masu muhimmanci amma ana iya lallaɓawa ba tare da su ba, na in-da-hali, sai kuma waɗanda aka amince ba za a yi su a wannan karo ba. Magini ya san wannan tsari ko da bai taɓa jin sunansa ba. Harsashi da bango da rufi dole ne, ƙyaure ya dace, shafe sai da hali, zane da zankwaye kuwa sai an natsu.

Hanya ta biyu ita ce tsarin Kano. Sunan bai da alaƙa da birnin Dabo. Na wani farfesa ne ɗan Japan, Noriaki Kano, wanda ya wallafa tsarin tare da abokan aikinsa a shekarar 1984. Ya nuna cewa ayyuka ba su faranta rai iri ɗaya. Akwai na tushe, waɗanda ba wanda zai yaba idan suna nan, amma kowa zai fusata idan babu su. Akwai waɗanda gwargwadon ingancinsu gwargwadon jin daɗin mai amfani, kamar saurin buɗewar manhaja. Akwai kuma na burgewa, waɗanda ba a zaci samunsu ba. Kuskuren da sababbin masu ƙira suka fi yi shi ne su ruga wa na burgewa su manta da na tushe.

Misali da Lissafi

A ɗauka ɗaliban suna da mako 12 na gini, kuma sun zagaya gidaje 10 sun tattaro shawarwari bakwai. Za su ba kowane aiki maki daga 1 zuwa 5 bisa amfaninsa, su ninka da yawan gidajen da ke buƙatarsa, sannan su raba da makonnin da zai ci. Alƙaluman da ke biye na gwaji ne kawai don a fahimci hanyar.

Ɗaukar hoton kaya da kasa shi gida biyar: 5 sau 10, a raba da mako 2, ya ba da 25. Umarni da muryar Hausa don wanda bai iya karatun boko ba: 4 sau 8, a raba da 2, ya ba da 16. Yin aiki ko da babu intanet: 4 sau 9, a raba da 3, ya ba da 12. Tunatarwa kafin damina da kafin Salla da Gani: 2 sau 5, a raba da 1, ya ba da 10. Aika jerin kayan sayarwa ga dillaliya ko ɗan gwangwan: 5 sau 6, a raba da 4, ya ba da 7.5. Biyan kuɗi ta cikin manhajar: 3 sau 5, a raba da 6, ya ba da 2.5. Sa kwamfuta ta gane kaya daga hoto ta ƙiyasta farashinsa: 3 sau 4, a raba da 8, ya ba da 1.5.

Ayyukan bakwai gaba ɗaya za su ci mako 26, fiye da ninki biyu na lokacin da ake da shi. Amma biyar na farko sun tashi mako 12 cif. Abin lura a nan shi ne aikin da ya fi ƙayatarwa, wato gane kaya daga hoto, shi ne ya zo na ƙarshe, yayin da tunatarwa, duk da ƙanƙantar amfaninta, ta haura saboda arharta.

Inda Lissafi Ya Gaza

Akwai abubuwan da ba a sa su a sikeli. Na farko shi ne sirri. Matar da za ta sayar da kayan ɗakinta sau da yawa ba ta son kishiya ko maƙwabta su sani, kuma rufin asiri yana cikin abin da ya sa ake neman dillaliya. Wataƙila ba wadda za ta ambaci wannan a lokacin tambayoyi, domin a ganinta ba abin faɗi ba ne. To, irin wannan shi ne aikin tushe a tsarin Kano. Tilas a ɓoye suna da adireshi da hoton cikin ɗaki, sai ga wanda mai kayan ta zaɓa. Doka ma ta shigo ciki, domin a shekarar 2023 Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a.

Na biyu shi ne kayan haɗari. Tsohon batirin mota ko na sola yana ƙunshe da darma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Irin wannan guba, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ita ta kashe ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara a shekarar 2010. Haka nan maganin da wa'adinsa ya wuce da kwalbar maganin feshi ba su shiga sahun kyauta. Gargaɗi a kan waɗannan na dole ne ko da makinsa ya yi ƙasa. Idan sirri da gargaɗi za su ci mako guda, sai a janye tunatarwa a ba su gurbinta.

Kammalawa

Bayan an gina waɗannan 'yan ayyuka, sai a kai manhajar gidajen nan goma a ga yadda za a yi da ita. Abin da aka gani shi zai gyara makin, sannan a sake jeri don zagaye na biyu. Malami na iya gwada wannan darasi a aji ba tare da kwamfuta ba: allo da alli sun isa ɗalibai su kawo shawarwari, su ba su maki, su kare zaɓinsu da hujja. Ɗalibin da ya ƙware a kan haka zai ga cewa aikin mai tsara manhaja da na mai gyaran sito iri ɗaya ne, kowannensu yana ɗaga abu ya tambayi amfaninsa kafin ya ba shi wuri.