Mutum-mutumin sarakunan Rasha na tagulla: me ke bambanta tsoho da kwaikwayo?

A gidan tarihi na Hermitage da ke Saint-Petersburg akwai wani mutum-mutumi na tagulla, daga kai zuwa ƙirji, na Sarki Bitrus Mai Girma, wanda Faransawa ke kira Pierre le Grand. Carlo Rastrelli ne ya yi shi, ɗan asalin Italiya da ya zo Rasha daga Paris a 1716. A 1719 ya ɗauki siffar fuskar sarkin kai tsaye yana raye, shi ya sa kamannin suka fito sosai. An kammala aikin a 1729, shekara huɗu bayan rasuwar sarkin. A jikin sulken an zana yaƙin Poltava na 1709, inda Bitrus ya karya sojojin Sweden.

Irin wannan ba na sayarwa ba ne. Waɗanda ake gani a gwanjon Turai galibi ƙanana ne na ƙarni na 19, da ake ajiyewa kan teburin ofis don nuna biyayya ga fada. Masana'antar Félix Chopin, Bafaranshen da ya zauna a Saint-Petersburg, na cikin waɗanda suka yi suna wajen zubin tagulla a lokacin.

Bayan juyin juya halin 1917 sai al'amura suka juya. A 1918 gwamnatin Lenin ta ba da umarnin kawar da mutum-mutuman sarakuna daga dandali, attajirai da dama kuma suka tsere zuwa Faransa da abin da suka iya ɗauka. Ta haka wasu suka shiga kasuwar Turai.

Hanyar zubin ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san maƙeran Foumban a Kamaru: a sassaƙa siffa da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a narkar da kakin, a zuba ƙarfe a gurbinsa. To nan ne matsalar take, domin ana iya ɗaukar siffar tsohon aiki a sake zuba sabo. Amma ƙarfe na tsukewa idan ya huce, don haka kwaikwayon yakan ɗan fi na asali ƙanƙanta, gashi da lambobin yabo na ƙirji kuma su fito a dushe. Hatimin masana'anta kaɗai bai isa shaida ba, shi ma ana kwafarsa. Dillalan da suka san aiki sukan juya mutum-mutumin su duba cikinsa, sannan su nemi takardun da ke nuna hannuwan da ya bi kafin a yi maganar farashi.