Dakta Yusufu Bala Usman, Masanin Tarihin Dauloli

An haifi Dakta Yusufu Bala Usman a Musawa ta ƙasar Katsina a 1945. Bayan ya yi karatu a Jami'ar Lancaster ta Ingila, sai ya koyar a Kwalejin Barewa. Daga nan ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ya sami digirin dakta a 1974.

Littafinsa na 1981 ya bi diddigin sarautar Katsina daga 1400 zuwa 1883. A ciki ya nuna cewa zancen Haɓe da Fulani kaɗai bai isa ya bayyana tashin daula da faɗuwarta ba, sai an duba noma, fatauci, haraji da halin masu mulki. Ya rasu a 2005.

Ɗalibai, kafin ku ɗora wa wata ƙabila laifi, ku nemi hujja tukuna.